Darasi na Tara: Mai Saran Daji a Ƙasar Ƙonni da Adar, 1800 zuwa 1900

A yau in rigimar gona ta kai gaban maigari, ko gaban kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, da wuya a watse ba a ji wani ya ce kakansa ne ya sari wurin ba. Maganar tana da nauyi, domin dokar ita kanta ta ba haƙƙin da aka samu ta hanyar al'ada kariya daidai da wanda aka samu ta takarda. To wane ne wannan kaka, kuma yaya ya rayu? Darasinmu ke nan. Za mu bi magidancin da ya bar garinsu a ƙarni na 19, ya shiga daji da gatari a yankin da yanzu ya zama gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela na jihar Tawa, har ya kafa tunga.

Tun daga farko ku riƙe abu guda. A wancan zamani ƙasa ba ta wuya. Daji yana nan shimfiɗe, ya fi ƙarfin masu nomansa. Abin da mutum ke fama da nemansa shi ne ruwan sha, da hannun da zai taya shi aiki, da daren da zai kwana ba tare da mahara sun tashe shi ba.

Zamanin da ya rayu a ciki

Da yaƙi ƙarnin ya buɗe. A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A cikin shekarar jama'arsa suka ci Birnin Ƙonni, suka kuma karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tafkin Kwatto. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Daga nan Ƙonni ta koma bin Sakkwato, wadda tazararta da ita ba ta kai kilomita 100 ba.

A arewa kuwa akwai Sarkin Adar, zuriyar Agabba ɗan Sarkin Agadas wanda ya ci ƙasar a ƙarshen ƙarni na 17, kuma kujerar sarautarsu ta ƙare a Illela. Sai dai sarauta daban, ƙarfin takobi daban. Ƙarfin yana hannun Abzinawa: Kel Geres ta kudu da gabas, Iwillimidan na Azawak ta arewa. A shekarun 1810 Muhammadu Jilani ya ɗaga tasa tutar jihadi ya mamaye Adar, bayansa Ibra ya kore shi ya yi nasa zamani. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci taron dangin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke. Mai son bin wannan tarihi daki-daki ya nemi littafin da Djibo Hamani ya rubuta a kan Adar kafin zuwan Turawa.

Shi talaka, duk waɗannan sunaye tambaya ɗaya suke jawo masa: bana wa zai zo karɓar hatsi da kaka, kuma in ya karɓa zai iya tsare ni daga na bayansa? Shi ya sa kafa ƙauyuka ya riƙa tafiya yana tsayawa. In ƙasa ta rikice, sai mutane su tattara cikin garuruwa masu ganuwa, ko su hau duwatsun Adar inda doki ba ya jin daɗin gudu. In ta lafa shekaru kaɗan, sai a sake bazuwa. Masu mulki da kansu sun san amfanin cika daji da mutane. Bello ya kafa ribaɗoɗi ya zaunar da jama'a su yi noma su tsare iyaka, kuma wajen ƙarshen ƙarnin Marafa Maiturare ya kafa Gwadabawa, kudu da Ƙonni, ya jawo baƙi masu yawa, cikinsu har da Adarawa.

Neman wuri

Dalilan tashi ba su da wuyar ganewa. Gonakin bakin gari sun gaji, gandun uba ya cika da ƴaƴa da jikoki, an yi saɓani kan gado ko sarauta, ko kuwa haraji ya yi nauyi. A tarihin ƙauyuka da yawa za ku ji maharbi ne ya fara gano wurin, don shi ne ke kwana a daji, shi ya san inda ruwa ke daɗewa bayan damina.

Amma ba a faɗa wa daji da sara haka kawai. A inda Azna ke da ƙarfi, daji yana da masu shi: zuriyar da ta fara zama, wadda ake ganin kakanta ya ƙulla alkawari da iskokin wurin. Su ke yanka, su ke ba da izini, su ke buɗe daji kowace shekara. Har gobe ana yin buɗin daji da arwa a Masalata, kusa da Ƙonni. A ɓangaren Musulunci kuma akwai hukuncin raya matacciyar ƙasa: wanda ya raya ƙasar da ba ta kowa ba, ta hanyar sassabe ko haƙa rijiya ko gini ko dasa itace, ta zama tasa. A mazhabar Malikiyya in wurin yana kusa da gari sai da izinin shugaba, in ya yi nisa ba sai da shi ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu na musamman kan wannan babi, mai suna Ta'alimur Radi. Manomi mai hankali ba ya tsayawa zaɓe tsakanin ƙofofin nan biyu. Yakan ƙwanƙwasa duk wadda ke buɗe hanya a inda yake.

Ga yadda abin yakan kasance. Magidanci ya ɗauki kaza ko damin hatsi ya je zauren maigari, ya tuɓe takalmi ya durƙusa: "Ranka shi daɗe, wurin ci nake nema, ni da iyalina." Maigari ya tambayi asalinsa da abin da ya raba shi da garinsu, don ba a son a jawo wa gari mai laifin da za a biyo. In an gamsu, sai a haɗa shi da wani dattijo su shiga daji, a nuna masa daga wancan gawo zuwa bakin ƙorama. Shi kuma ya bi itatuwan gefe yana yi musu saran shaida da gatari. Babu awo, babu takarda. Iyakar gonarsa ta gaskiya ita ce inda ƙarfinsa ya tsaya.

A daidai wannan zamani, a 1862, Amurka ta yi doka ta ba duk magidancin da ya zauna ya noma fili shekara 5 eka 160, wato kusan hekta 65, a ƙasar da aka ƙwace daga mutanen asali. Can gwamnati ke aunawa ta rubuta. A nan shaidar mutum ita ce kututturen da ya bari da maƙwabtan da suka gan shi yana sara.

Sassabe da rijiya

Da rani ake sassabe. Sabara da kalgo da geza a sare su ƙasa-ƙasa, a tara, a bari su bushe, a cinna musu wuta gab da faɗuwar ruwa, tokar ta zama taki. Manyan itatuwan da ba a so, a zagaye gindinsu da sara ko a hura musu wuta su mutu a tsaye. Gawo kuwa ba a taɓa shi, don yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, kuma hatsin gindinsa ya fi na ko'ina kyau. Aduwa, kanya, magarya da tsamiya su ma ana barinsu saboda ƴaƴansu. Tun da ba a tumɓuke saiwa, kututture kan sake tofo kowace shekara, shi ya sa in gona ta gaji aka bar ta saura, cikin ƴan shekaru take komawa daji ta huta. Gatarin da hauyar duk daga hannun maƙerin yankin suke fitowa, wanda ke narka tama daga duwatsun Adar.

Shekarar farko mai saran daji ba ya kwaso iyali gaba ɗaya. Bukkar kara yake kafawa, ya kewaye ta da ƙaya saboda kura, ya zo da ƴaƴansa maza da mace ɗaya mai yi musu abinci. Irin shuka daga rumbun ubansa ya ɗebo shi, abincin da zai kai su kaka a kan jaki ya zo da shi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: wanda ba shi da rarar hatsi ko dangin da za su ranta masa ba ya iya kafa tunga, komai ƙarfin damtsensa. Da damina ruwan tafki ake sha. Tafki na ƙafewa, sai a ɗaure kaya a koma gari.

Rijiya ce ke mai da tunga gari. A kwarin Majiya da sauran fadamu ruwa na kusa, gaba kaɗan an tarar da shi, amma irin wannan rijiya tana rushewa, kusan kowace shekara sai an sake ta. A kan tudu da jigawa kuwa aikin watanni ne. Mutum guda yana ƙasa da ɗan guntun ƙarfe da ƙwarya, yana haƙa cikin zafi da ƙarancin iska, na sama suna jawo ƙasar da igiya. Inda yashi ke zubowa sai a jera itace a tokare bangon. Wani lokaci a ci karo da dutse, a bar ramin a koma wani wuri. Ranar da laka mai danshi ta fito cikin guga, ranar ce garin ya kafu, kuma wanda ya ɗauki nauyin haƙar shi ne galibi ke zama maigari, zuriyarsa ta gaje shi. Ƙauyukan da sunansu ya fara da Gidan ko Tunga, mafi yawansu sunan irin wannan mutum suke ɗauke da shi.

Daga shuka zuwa tumu

Manoma suna da nasu lissafin watanni, dabam da na azumi da salla. Watan bakwai maƙarar rani, in ya kama kowa ya gyara sungumi. Mai gaggawa ya yi binne, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa, ya yarda da hasarar iri in ruwan ya yi yayyafi ya ɗauke. Saura su jira ruwan shuka. Ranar da ya sauka ba mai zama gida. Namiji yana gaba da sungumi, taki ɗaya sara ɗaya, mata da yara suna biye da ƙoƙon iri, su jefa ƴan ƙwayoyi su rufe da diddige. Cikin kwana biyu ko uku ake son a gama, kafin danshin ya gudu.

Hatsi a jigawa, wake a tsakaninsa, yakuwa a kan iyaka. Fadama kuma ta dawa ce da kaɗa da taba da albasa. Albasar da ta fitar da sunan Galmi a kasuwannin Afirka ta Yamma tana da tsohon tushe a kwarin Majiya. Bayan shuka sai noman fari, a rage tsiron a bar uku ko huɗu a gindi, sannan maimai. Nan ne aka fi jin jiki, domin lokacin da aiki ya fi yawa shi ne lokacin da rumbu ya fi kusa da ƙarewa. In abin ya yi tsanani mata su shiga daji su ɗebo anza, a jiƙa ta kwanaki ana zubar da ruwan har ɗacin ya fita, a haɗa da tafasa da sauran ganyaye. A shekarar yunwa har ƙarangiya ake sussukawa a ci ƙwayarta. Ga fara, ga tsuntsaye da ake kwana kora, ga kurkunu da kan kwantar da ƙato a tsakiyar damina saboda ruwan tafki. Sai an gasa tumun farko yara sun ci hankalin maigida ke kwanciya.

Hannun aiki

Tun da ƙasa ba ta ƙarewa, arzikin mutum shi ne yawan masu duƙawa a gonarsa. Gandu shi ne babbar gonar gida, maigida ke riƙe da ita, ƙannensa da ƴaƴansa su yi mata aiki daga safe zuwa azahar a mafi yawan kwanakin mako. Shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari. Da yamma da ranakun hutu kowa ya nufi gamanarsa, abin da ya samu a can nasa ne. Mata ma suna da gamana, ban da ɗiban ruwa, surfe, daka, dama fura da kai ta gona da rana tsaka. In aiki ya fi ƙarfin gida sai a kira gayya, a yi abinci, makaɗa su zuga samari.

Akwai kuma bayi, kuma bai kamata darasi irin wannan ya tsallake su ba. Yaƙe-yaƙe da hare-haren ƙarnin sun cika kasuwanni da mutanen da aka kama. Manomin da ya samu rara yakan sayi bawa kafin ya sayi doki, don bawa zai faɗaɗa masa gona. Manyan Abzinawa da sarakuna suna da ƙauyuka sukutum na bayi masu noma suna kai musu rabo. Wani bawan yakan samu izinin yi wa kansa aiki yana biyan murgu, har ya tara abin fansar kansa. Shi kansa mai tunga, in tsautsayi ya rutsa da shi a gona, da safe yana ɗa, da yamma yana ɗaure a bayan raƙumi. Gonaki da yawa da ake kira da sunan wane, hannun da ya sare su na bawa ne da ba a riƙe sunansa ba, kuma jikokinsa ne aka fi barin su ba gona. Zalunci ne, kuma tabonsa bai gama warkewa ba, tun da sai a 2003 Nijar ta sa hukuncin bauta a fili cikin dokar laifuffuka.

Rumbu da masu rabo a cikinsa

Da kaka a yanke zangarniya a ɗaure dami-dami, a kai rumbu. Adar ta shahara da manyan rumbunan laka masu faɗin ciki, waɗanda ake ɗorawa kan duwatsu saboda gara da danshi. Hatsin da aka zuba da zangarniyarsa yakan shekara biyu ko uku bai lalace ba, kuma burin kowane maigida ya ci tsohon hatsi ya ajiye sabo. A gidaje da yawa ana rufe rumbun gandu bayan kaka, a ci na gamana da abin da sana'ar rani ta kawo, sai damina ta kama a buɗe shi don masu noma.

Kafin a rufe shi kuwa, masu rabo sun jeru. Zakka dami ɗaya cikin goma ce ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga na ban ruwa. Sarki yana da nasa. Ba'abzinen da garin ke ƙarƙashin kariyarsa yana da nasa, kuma ba ya jin uzurin fari. Maƙeri da wanzami da malami duk da dami ake sallamarsu. Abin da ya saura shi ne kuɗin manomi. Da shi yake musayar gishirin Bilma da na Tigidda da ayarin raƙuma ke saukowa da shi, da shi yake jawo Bafillace ya zauna da shanu a gonarsa da rani su zuba masa taki. Wuri shi ne kuɗin kasuwa. Baturen Jamus Barth, da ya zauna Kano a 1851, ya tarar ana canjin azurfa guda a kan wuri 2,500, amma a ƙauye sau da yawa ƙwaryar hatsi ta fi wuri saurin sayen abu.

Wanda Allah ya ba dami dubu a shekara guda yana iya neman sarautar noma. Ba a samunta da tarawa kawai, sai ya yi biki ya rabar da dukiya mai yawa a gaban jama'a, sannan a kira shi sarkin noma.

Rani ba hutu ba ne. Mata suna kaɗi, maza suna saƙa da jima da gyaran darni, masu jakuna suna bin fatake zuwa Sakkwato da Jega da Kano.

Yadda ƙarnin ya rufe

Shekaru goman ƙarshe sun zo da masifu biyu. A 1890 zuwa 1891 annobar shanu ta ratso daga gabas ta share garkunan Fulani da Abzinawa, taki da nono suka yi wuya. A watan Mayu na 1899 kuma rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, bayan ta yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, ta auka wa Birnin Ƙonni ta ƙone shi, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa. Duk inda rundunar ta bi sai ta fasa rumbuna ta kama mutane su yi mata dako.

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta bar wa Ingila, Ƙonni tana ciki. Gyaran da aka yi a 1904 da 1906 ne ya mai da ita ɓangaren Faransa, iyaka ta ratsa tsakanin dangi da gonakinsu. Hare-hare sun ragu, mutane suka sauko daga duwatsu, tungaye suka yawaita fiye da da. Amma haraji ya koma na kai, daga baya kuma aka ce sai da kuɗin Faransa, abin da ya ƙara tura samarin Adar cin rani. Jikokin mai saran daji sun wayi gari daji ya ƙare. Sabuwar gona a ƙasar Illela da Badagishiri tun daga ƙarshen shekarun 1980 a kan fako ake samunta, da haƙa tassa ana zuba taki rami-rami.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai ƙarfi amma marar rarar hatsi ba ya iya kafa tunga?
2. Waɗanne itatuwa mai sassabe ke bari, kuma don me? A gonakinku yanzu wanne ya rage?
3. Ku lissafa: manomi ya samu dami 240. Nawa ne zakkarsa? In iyalinsa suna cin dami 3 a mako, sauran zai kai su mako nawa?
4. Su wa suka yi aikin gona a wancan ƙarni amma ba su gaji ƙasa ba? Ku tattauna yadda abin yake a garinku yau.

Aikin gida

Kafin haɗuwa ta gaba, kowa ya sami dattijo ko dattijuwa mafi shekaru a unguwarsu ya tambayi wace ce rijiya mafi tsufa a garin, wa ya sa aka haƙa ta, daga wane gari ya taso, kuma maigari nawa aka yi daga shi zuwa na yanzu. Ku rubuta amsar da hannunku, ko layi biyar ne, ku zo da ita mu karanta a aji.